Wa Ke Cinye Allin?

Ƙanwata Tsinke,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya fama da jinin mutane? Da fatan kina nan ƙalau kamar yadda muke. Direban motar kaya ya ce ya gan ki a ƙofar asibitinku, wai har yanzu in iska ta taso sai an riƙe ki. Na ce masa haka Allah ya yi ki, Kaka ta yi ɗura har ta gaji ba ki ƙara ko tsoka ɗaya ba. Kada ki ɓata rai, taubashiya ba ta fushi da taubashiya. Masu ƙirga dangi suna cewa dangantakarmu ta yi nisa, ni dai na san ɗaki ɗaya Kaka ta raine mu.

Takarda na zaɓa don wayar gidan nan ɗaya ce, kuma a aljihun Baban Kumatu take yini. In na kira ki yana tsaye a kaina yana gyara mini magana. Direban kuwa duk sati biyu yake bi ta wajenku, sai na ce tunda ƙafa ta gagara bari zumunci ya hau mota.

Ɗinki ya yi kasuwa, rigunan 'yan makaranta sun cika mini shago. Kumatu ta cika shekara takwas. Kin san halin ubanta: duk ɗaya ga wata sai ya tasa mu gaba zuwa siton da yake aikin awo, ya ɗora mu a kan babban sikelin buhuna, ya rubuta nauyin kowa da alli a bangon baya. Bangon nan ya kusa cika. Wannan watan Kumatu ta yi kilo arba'in da ɗaya. Sai da ya kira leburori su zo su gani, yana cewa, "Ku duba, wannan ita ce lafiya!" Nawa nauyin ba zan faɗa miki ba, amma sau biyu na buɗe rigunana bana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Malamarsu ta aiko cewa Kumatu barci take a aji, kuma in an fita wasa sai ta zauna gindin bango tana haki. Ubanta ya ce hutu ne ya yi mata yawa, mai jiki ai ba ya tsalle-tsalle kamar fara. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni alli ne. Kwalin allin da nake zana yadi da shi guda goma sha biyu ne, yanzu ba ya kai sati. Shekaranjiya na kama ta bayan ƙofar shago, bakinta fari fat. Na ɗaga hannu zan make ta, ta ce, "Mama, wallahi raina ne yake so." Sai hannun ya yi mini sanyi.

Ku da kuke asibiti, ba ku da wani abu mai ɗaci da zan shafa wa allin ta daina? In akwai ki ba direba.

Ki ci abinci don Allah.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi murna, na kuma yi dariyar maganar iska. Ki gaya wa direban nan ni nake ɗaga akwatin kwalaben gwaji ni kaɗai, shi kuwa cikinsa ya kusa taɓa sitiyari. Ina lafiya. Ki shafa mini kan Kumatu, ki gaida Mai Sikeli.

A tsaye nake rubutun nan, direba yana waje yana danna mini ham, ga mutane a layi suna jiran a ɗebi jininsu. Don haka zan taƙaita.

Ba ni da abu mai ɗaci, kuma ko ina da shi ba zan aiko ba. Yaron da ke cin alli ko ƙasa ko ƙanƙara, sau da yawa ba rashin ji ba ne, jikinsa ne ke neman abin da ya rasa. In kika haɗa da barcin aji da hakin nan, raina ya fi ba ni cewa jininta ya yi ƙasa. Ki kai ta wajen haske, ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba. In ja ce, alhamdu lillahi. In ta yi fari-fari, ki duba tafin hannunta ma. Ko me kika gani dai, ki kai ta asibiti a gwada jinin. Ɗan yatsa kawai za a soka, ɗigo ɗaya.

Na san abin da za ki ce: yarinya mai kilo arba'in ina ita ina ƙarancin jini? Yaya, ƙiba ba jini ba ce. Kullum ina ganin irinsu a teburina, kumatu kamar a taɓa su fashe, in na duba ɗigon jinin sai gabana ya faɗi. Wani lokacin ma ƙibar ce ke tare wa jinin hanya, don jikin da kitse ya yi wa yawa ba ya karɓar sinadarin ƙarfe daga abinci yadda ya kamata, kuma da sinadarin nan ake gina jini.

Ham ya ishe ni. Sauran bayani sai a takarda ta gaba. A gwada ta kawai.

Ƙanwarki

*

Tsinke,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya.

Takardarki ba a hannuna ta fara sauka ba. A sito direba ya tsaya, ya miƙa wa Baban Kumatu, shi kuwa ya buɗe ya karanta da ƙarfi a gaban leburori. Da ya zo gida ya sake karanta mini, yana yi yana dariya har da buga cinya. Ya ce, "Jini a ina yake zama in ba a jiki ba? Mai jiki ai shi ke da jini. Ita da ba ta kai rabin buhu ba, ita za ta koya mana lafiya?" Da ya zo kan sinadarin ƙarfe ya ce to sai a dafa wa yarinya ƙusa. Ya ce ba mai soka wa 'yarsa allura tana zaman zamanta, kuma wai tun muna yara kike jin haushin masu jiki.

Ni ban ce haushi ba ne. Amma ba zan ɓoye miki ba, maganar ta yi mini zafi. Shekara takwas ina tashi da sassafe in haɗa mata shayi da madara mai kauri, in yanka burodi in shafa mata man shanu, ban taɓa barin jakarta ba biskit ba. In muka fita mata suna tsayar da ni suna cewa tubarkalla, me kike ba ta? Sai ga takarda daga wadda ba ta taɓa ganin yarinyar ba sai a hoto, tana cewa abin da na gina shi ne cutar. Na yi kwana biyu ba na son ganin takardar, har na cusa ta ƙarƙashin keken ɗinki.

Idon ban duba ba. Na kira ta bakin taga, na kai hannu, sai tsoro ya kama ni na ce ta tafi wasa.

Amma kada ki ce ban ji maganarki ba. Tunda kin ce ƙibar ce ta tare hanya, na ɗaura ɗamarar kawar da ita, ba tare da ubanta ya sani ba. Duk abinci mai nauyi na janye mata: nama, ƙwai, hanta, wake, kifi. In na zuba na gida sai in tsame nata naman in mayar tukunya. Shayi da burodi kawai na bar mata safe da yamma, sai farar shinkafa da rana, tunda shayi ai ruwa ne, ba ya sa jiki. Tana kuka, ina kau da kai. Ɗaya ga watan nan sikeli ya nuna ta rage kilo ɗaya. Ubanta ya auna sau uku, ya ce sikelin ne ke son gyara.

Allin kuwa na kulle shi a aljihun keke, makullin yana wuyana. Duk da haka raguwa yake, ban san yadda ake yi ba.

Kin ga dai na yi abin da kika ce. Sai ki faɗi saura me.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Kumatu. Sauran gaisuwar ki yafe mini, hankalina ba a kwance yake ba.

Don girman Allah, ranar da takardar nan ta same ki, ki mayar wa yarinyar nan namanta da ƙwanta da wakenta. Abubuwan da kika janye su ne masu gina jinin. Abin da kika bari kuwa shi ne matsalar: shayi in an sha shi tare da abinci yana hana jiki karɓar ɗan sinadarin da ke ciki, madara mai yawa ma haka, ga ta da cika ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban ce ki rage mata abinci ba, ban ce ki hana ta nama ba. Cewa na yi a gwada jininta.

Amma laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni na rubuta rabin magana a tsaye na bar ki da sauran. A wajen aiki ba na barin mara lafiya ya tafi sai ya maimaita mini abin da na ce, sai ga shi a kan 'yar gidanmu na yi sakaci. Tun da na karanta takardarki nake jin haushin kaina.

Maganar Mai Sikeli kuwa, ki ce masa na ji. Gaskiya ne na ji zafi muna yara. Duk baƙon da ya zo sai ya ɗaga ki ya ce ga 'yar gidan wadata, ya dube ni ya tambayi Kaka ko ciwo nake. Na sha kuka a bayan randa, ke ce ma kike zuwa ki fito da ni. Amma wannan tsohon zance ne, kuma ba shi ya sa na ce a gwada Kumatu ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya kira ni duk abin da ya ga dama, in dai zai bari a soki yatsan nan.

In ya ƙi, ki kai ta. In kina jin tsoro, ki aiko, in nemi hutu in zo in kai ta da kaina, ya zage ni a tsakar gidansa. Ba zan bar maganar nan ba, Yaya.

Ƙanwarki

*

Tsinke,

Sallama. Ban san ko kina lafiya ba, tunda sati biyar ke nan ba takarda ba saƙo. Na ce ko fushi kika yi da maganar Baban Kumatu. In fushin ne ki ajiye shi gefe ki karanta wannan. Zan ba duk motar da na samu.

Ranar Laraba Kumatu ta faɗi a makaranta. Suna tsaye a layi da safe ta sulale ƙasa. Ina kan keke aka zo aka gaya mini, na fita da tef ɗin awo a wuyana, takalmi ƙafa ɗaya. Na same ta a ofishin shugabar makaranta an kwantar da ita a benci ana mata fifita da littafi. Ta buɗe ido ta ce, "Mama, ban yi barci ba, wallahi ban yi barci ba." A nan na ja fatar idonta. Tsinke, fara ce kamar yadin da ba a rina ba.

Ubanta ya iso yana haki. Ya ce rana ce ta buge ta, a sayo lemo mai sanyi a kai ta gida. Na ce asibiti za mu. Ya ce ba ya son maganar nan. Na ce, "Baban Kumatu, shekara goma sha ɗaya ban taɓa taka ƙofa ba sai da izininka. Yau ma izinin nake nema, amma ka ba ni shi muna tafe, don ba zan tsaya ba." Na sunkuya na goya ta. Kilo arba'in, ban san inda ƙarfin ya fito ba. Ban kai bakin titi ba na ji an ɗauke ta daga bayana. Ubanta ne, ya saɓa ta a kafaɗa ya tsayar da mota.

An soki yatsan. Ɗigo ɗaya, kamar yadda kika ce, ko kuka ba ta yi ba. Likita ya ce lambar jinin yaro kamarta ya kamata ta wuce goma sha ɗaya, tata bakwai ce. Ya ce da an ƙara jinkiri da sai an yi mata ƙarin jini. Ubanta ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa duka. Likita ya ce ba a kai nan ba, ya rubuta maganin sha na wata uku da na tsutsar ciki, ya ce a dawo duk wata. Da ya tambayi abin da take ci na faɗa masa abin da na yi. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya yi mini bayani a hankali. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ubanta bai ci abinci ba ranar. Zama ya yi a bakin gadonta yana riƙe da yatsan da aka soka.

Ƙari: na riga na naɗe takardar nan sai ga direba yana sallama. Ashe motarsa ce ta lalace a hanya, sati uku tana gareji, takardarki tana cikin akwatin gaban mota. Na karanta a tsaye. Duk abin da likita ya faɗa mini yana ciki, kin rubuta shi tun kafin ta faɗi. Na yi kuka har direban ya rasa inda zai sa idonsa. Ki yafe mini zargin fushin da na yi miki. Yau hanta da alayyafo na dafa, na ba ta lemon zaƙi a kai, shayi kuwa sai can tsakanin abinci da abinci.

Yayarki

*

Yaya,

Alhamdu lillahi. Na karanta takardarki sau uku, na yi sujada a ɗakin gwaji har abokiyar aikina ta ɗauka wani abu ne ya faɗi nake nema. Allah ya ƙara wa Kumatu sauƙi. Ni da na san ki da tsoron ko inuwar Mai Sikeli, ashe akwai zaki a cikin shagon nan. Na gode miki.

Maganin zai sa bayan gidanta ya yi baƙi, kada ki tsorata. In ta ji sauƙi bayan sati biyu kada ki daina, nan mutane suke yin kuskure. Wata ukun nan sai sun cika. Batun nauyinta kuwa kada ki ƙara sa ta yunwa. Ki rage biskit da zaƙi, ki bar ta ta yi gudu in ƙarfinta ya dawo, tsawo zai zo ya raba abin.

Yanzu ga wata magana, kuma a zaune nake rubuta ta. Na fito da takardunki na baya na sake dubawa. Kin ce alli goma sha biyu ba ya kai sati. Yarinyar da ke yini a makaranta ba za ta cinye wannan ita kaɗai ba. Kin kuma ce kin kulle shi, makulli yana wuyanki, amma yana raguwa.

Yaya, Kumatu ba ta iya buɗe kwaɗo ba.

Ba tuhuma nake ba. Uwa da 'ya sukan yi tarayya a wannan abin, don tukunya ɗaya suke ci, kuma abin da jariri ya fara ajiyewa na sinadarin nan daga jikin uwarsa yake ɗiba. Ki tsaya gaban madubin shagonki ki ja fatar idonki. Ba sai kin ba ni amsa ba, ki dai je a soki naki yatsan.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda aka kama. Kumatu tana samun sauƙi, ta fara cin nama ba gardama, jiya ma ta bi kyanwar maƙwabta da gudu har bakin famfo.

Ni ce. Tun ina da cikinta na fara. Da fari ɗan gefe nake gutsura in ina zana yadi, daga baya ya zama in ban ji ƙurarsa a haƙorina ba ɗinki ba ya tafiya. Na ce kwaɗayin ciki ne zai wuce, sai aka haihu bai wuce ba. Shekara takwas ina yi ina wanke baki kafin kowa ya shigo. Ranar da na kama ta bayan ƙofa na ɗaga hannu, akwai guntu a cikin kumatuna. Shi ya sa hannun ya yi sanyi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na 'yar shekara takwas.

Jirin da nake ji in na tashi daga kan keke, na ce zama ne. Hakin da nake yi in na hau matakala, na ce nauyi ne. Wa zai dube ni da wannan jikin ya ce wani abu ya gaza mini? Ni kaina ban yarda ba.

Na je. Lambar jinina takwas da rabi ce. Likita ya tambaye ni abubuwan mata, ya ce akwai abin da zai duba nan ma, ya ba ni nawa maganin. Da na tambaye shi ko ni na jawo wa yarinyar, ya ce in bar neman mai laifi in riƙe cokali. Amma kin san uwa. Na zauna a shago ina kallon tef ɗin da nake auna ƙugun mutane da shi, ina cewa ni da nake ganin na san jikin kowa a unguwar nan, ban san nawa ba, ban san na 'yata ba.

Na kira Kumatu na gaya mata gaskiya. Ta zaro ido ta ce, "Mama, ke ma? To shuɗin ya fi daɗi ko farin?" Muka yi dariya har na share hawaye. Mun yi alkawari: da safe ita ke miƙo mini ƙwayata, ni in zuba mata nata a cokali, kuma duk wadda ranta ya biya alli sai ta gaya wa ɗayar. Na cire makullin daga wuyana.

Baban Kumatu ya ce in bar masa ƙasan takardar. Ga shi nan, ban karanta ba.

Yayarki

Malama mai gwajin jini, ina gaisuwa. Ni ba gwanin rubutu ba ne sai lamba. Shekara goma sha tara ina awo. Ban taɓa karɓar buhu don ya yi nauyi ba. Sai na soka masa ƙarfe na zaro abin da ke ciki na gani, don jiƙaƙƙen hatsi ya fi busasshe nauyi, mai yashi kuwa ya fi su duka. Kowane lebura ya san haka nake. Amma 'yata da matata na ɗora a sikeli na rubuta a bango ban taɓa tunanin a duba ciki ba. Abin da na faɗa a kanki a gaban mutane, na koma gabansu na janye. Ni ma na ba da yatsa. An ce jinina ya isa, sukari ne ya yi masa yawa, an hana ni cokali huɗu a shayi. Ki yi haƙuri. Na gode.

Mai Sikeli

*

Tsinke ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Mun ga saƙon lemon da kika ba direba, an ce ya ci uku a hanya amma ya rantse biyu ne. Mun gode. Ki gafarce ni da daɗewa ban rubuto ba, so na yi sai wata ukun sun cika in zo miki da magana guda.

Ba sauƙi abin ya yi ba. A sati na uku Kumatu ta ce maganin ƙarnin tsatsa yake, ta rufe baki ta shige ƙarƙashin gado. Na zauna a ƙasa da cokali a hannu na ce ba ɗinki ba girki sai ta fito, muka yi kusan awa ɗaya a haka. Ni ma sau biyu hannuna ya kai kan kwalin allin, na je na gaya mata kamar yadda muka yi alkawari, ta ɓare mini lemo tana mini faɗa irin na manya. Ubanta kuwa har yanzu in zai sha shayi sai ya kalli gwangwanin sukari kamar wanda zai yi bankwana da aboki.

Jiya muka koma asibiti. Kumatu goma sha biyu. Ni goma sha ɗaya da rabi, an ce in ci gaba wata biyu, kuma zan ci gaba. Malamarsu ta aiko cewa yanzu surutu ne ya yi mata yawa a aji. Na ce a bar mini ita haka.

Ɗaya ga wata muna zuwa sito har yanzu, ba a raba mutum da halinsa. Sai dai ya ja layi a bangon daga sama har ƙasa, ya buɗe sabon gefe yana rubuta lambar jini. Kumatu ta ƙara tsawo, nauyinta yana nan inda yake, bai ce sikeli na son gyara ba. A can ƙasa ya bar fili ya ce naki ne, in kin zo zai auna ki ya rubuta, ko da allurar sikelin ba ta motsa ba.

Za ki ji wani abu mai tauri a naɗe cikin ƙyalle a ƙasan ambulan, kada ki ɗauka alewa ce. Alli ne, shuɗi. Yau kwanansa arba'in a kan kekena, a fili, ba kulle ba ɓoyo. Ki kai shi wajen haske ki juya shi ta kowane gefe, ke da kika iya duba. Yadi ne kaɗai ya ci shi, babu haƙorin kowa a jiki.

Ki zo, ɗakin yana nan. Kuma ba zan ce ki ci abinci ba.

Yayarki